Aikin Sa-kai Wajen Kula da Takardun Bayanin Buɗaɗɗiyar Manhaja

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce manhajar kwamfuta da masu ita suka bar tushenta a fili, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, domin duk mai so ya karanta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu bisa sharuɗɗan lasisinta. Irin wannan manhaja ta kewaye jama'a ko da ba su san sunanta ba. Wayar Android da ke aljihun mutane da yawa an ɗora ta ne a kan Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland. Wikipedia, har da ta Hausa, tana gudana ne a kan manhajar MediaWiki. Manhajar DHIS2 da jami'an kiwon lafiya a Najeriya da Ghana ke shigar da alƙaluman asibitoci a cikinta, Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke jagorantar gina ta, ita ma tushenta a buɗe yake.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana tafe da takardun bayani. Su ne rubutun da ke gaya wa mutum yadda zai ɗora manhajar a kwamfutarsa, yadda zai yi aiki da ita, abin da kowane maɓalli ke yi, da abin da zai yi idan ta ƙi. Al'adar ta daɗe. A ranar 3 ga Nuwamba, 1971, Ken Thompson da Dennis Ritchie na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka suka fitar da littafin jagora na farko na tsarin Unix. Kowane umarni yana da shafinsa: sunansa, yadda ake kiran sa, abin da yake yi, har da gurbi na musamman inda ake rubuta kurakuran da aka san yana da su. Wannan gurbi na kurakurai abin koyi ne har gobe, domin ya nuna cewa aikin takardar bayani faɗin gaskiya ne game da manhaja, ba yi mata talla ba. Shafukan da suka gaji wancan littafi suna nan cikin kwamfutocin Linux har yau.

Richard Stallman, wanda ya sanar da shirin GNU a 1983, ya daɗe yana jan hankali cewa manhajar da aka ba kowa 'yancin gyarawa ba ta cika ba sai an ba da irin wannan 'yanci a kan littafinta. Dalilinsa a bayyane yake. Idan an yarda mutum ya sauya manhaja amma an hana shi sauya littafin da ke bayaninta, to daga ranar da ya yi sauyin littafin ya zama ƙarya. Saboda haka a shekarar 2000 aka fitar da lasisi na musamman domin takardun bayani, kuma da shi Wikipedia ta fara aiki kafin ta rungumi lasisin Creative Commons a 2009.

A nan ne asalin matsalar tsufan takardun bayani yake. Manhaja ba ta tsayawa wuri ɗaya. LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi ta ofis wadda ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, tana fitar da sabuwar siga sau biyu a shekara, a Fabrairu da Agusta. Harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, yanzu duk Oktoba yake sabunta kansa. A kowace fitowa akan sauya wa wani maɓalli wuri, a canza wa wani umarni suna, a cire wani abu da ya tsufa. Mai rubuta manhaja yana ganin kuskurensa nan take, domin kwamfuta za ta ƙi aiki ta kuma nuna inda ya yi tuntuɓe. Takardar bayani kuwa ba ta ƙorafi. Jimlar da ta kasance gaskiya bara tana nan zaune da kyanta a shafi, babu abin da ya nuna ta daina zama gaskiya, sai ranar da wani ya bi ta ya faɗa rami. Kamar magudanar ruwa ce a unguwa: an gina ta da kyau, amma idan babu mai yashe ta kafin damina, ƙasa da leda za su cika ta sannu a hankali ba tare da kowa ya lura ba.

Misali ɗaya ya isa. Lokacin da Python na 3 ya fito a Disamban 2008, an sauya yadda ake rubuta umarnin buga kalma a fuskar kwamfuta, wanda shi ne darasin farko da kowane mai koyo ke yi. A da akan rubuta umarnin sannan kalmar ta biyo baya kai tsaye. A sabon tsari dole a sa kalmar cikin baka biyu. An ci gaba da tallafa wa tsohon tsarin har ranar 1 ga Janairu, 2020, wato fiye da shekara goma ana tafiya da sigogi biyu. Ɗalibin da ya ɗora sabon Python amma ya ɗauki tsohon darasi, layinsa na farko a duniya zai dawo masa da saƙon kuskure. Shi bai san darasin ne ya tsufa ba. Abin da zai ɗauka shi ne kansa ne ba ya ja, kuma da yawa daga nan suke ajiye karatun.

Girman matsalar ya fito fili a 2017, lokacin da kamfanin GitHub, inda ake ajiye tushen manhajoji masu ɗimbin yawa, ya yi wa mutum kimanin 5,500 tambayoyi. Kashi 93 cikin ɗari suka ce sun ci karo da takardun bayani da ba su cika ba ko suka tsufa. Amma kashi 60 cikin ɗari na masu ba da gudummawa suka ce da wuya suke taɓa takardun bayani, ko ma ba su taɓa ba sam. Kowa yana ganin ramin, kaɗan ne ke ɗauko shebur. Ba ƙeta ce ta jawo haka ba. Yawancin waɗannan manhajoji mutane ƙalilan ne ke riƙe da su, da dama a lokacin hutunsu bayan sun tashi daga aikin da suke ci da shi, kuma idan lokaci ya yi kaɗan, gyara abin da ya fashe yakan sha gaban rubuta bayani. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan zurfi. Wanda ya gina abu da hannunsa ba ya iya tuna yadda rashin saninsa yake. Matakin da ya yi sau dubu ya daina ganin sa a matsayin mataki, sai ya tsallake shi a rubutu, shi kuwa baƙo a daidai wurin yake maƙalewa.

Saboda haka ne sabon shiga yake da wata daraja da gwani ba shi da ita. Rashin sanin da yake jin kunyarsa shi ne jarinsa, kuma jari ne mai ƙarewa, domin bayan wata biyu ko uku shi ma zai saba ya daina ganin gibin. Aiki mafi amfani da ɗan sa-kai zai fara da shi shi ne ya ɗauki takardar ɗora manhaja, ya zauna gaban kwamfutar da ba a taɓa ɗora ta a kai ba, ya bi umarnin layi bayan layi ba tare da ya cike wani gibi da hasashe ba. Duk inda ya tsaya ya rubuta: ga abin da takarda ta ce, ga abin da aka yi, ga abin da ya fito, ga lambar sigar manhajar, ga irin kwamfutar. Rahoto irin wannan, ko da bai zo da gyara ba, ya rage wa mai kula da manhaja rabin wahala. Wanda kuwa ya rubuta cewa takardar ba ta da kyau kawai ya yi shiru, bai ba kowa abin kamawa ba.

Takardun bayani ba iri ɗaya ba ne, kuma gane bambancinsu yana hana ɓarnar ƙoƙari. Daniele Procida, wanda ya daɗe yana aiki da manhajar Django, ya kasa su gida huɗu a wani tsari da ya kira Diátaxis. Akwai darasin mai koyo, wanda ke kama hannun baƙo ya kai shi ga nasarar farko. Akwai jagorar aiki, ta wanda ya riga ya iya amma yana son sanin yadda ake yin abu guda takamaimai. Akwai kundin dubawa, mai jera kowane umarni da ma'anarsa ba ƙari ba ragi. Sai kuma bayanin dalili, wanda ke faɗin abin da ya sa aka gina manhajar yadda take. Kuskuren da ya fi yawa shi ne cakuɗa su. Mutumin da ke son sanin yadda ake sa lambar shafi a takardar da zai miƙa da safe ba ya buƙatar tarihin manhajar, haka shi ma mai koyo na ranar farko bai kamata a zube masa zaɓi ashirin a gabansa ba. Mai koyon ɗinki ba a fara masa da sunayen kowane ƙarfe da ke cikin keke; zare da allura ake ba shi da ƙyalle, sauran ya biyo baya.

Hanyar shigar da gyara ta bambanta daga manhaja zuwa manhaja. A Python, takardun suna zaune a rumbu ɗaya da tushen manhajar, an rubuta su da rubutu tsagwaro mai 'yan alamomi, sannan wata manhaja mai suna Sphinx, wadda Georg Brandl ya ƙirƙira a 2008 saboda wannan aikin, take mayar da su shafuka masu tsari. Mai son gyara yakan kwafi rumbun zuwa nasa, ya yi gyaransa, sannan ya aika da buƙatar a shigar da shi. Git, wanda Torvalds ya rubuta a 2005, shi ke riƙe da tarihin kowane sauyi: wa ya yi, yaushe, kuma don me. Wannan yana nufin babu gyaran da ba a iya warware shi, don haka tsoron kada a ɓata wani abu bai kamata ya hana kowa farawa ba. A LibreOffice kuwa lamarin ya fi sauƙi ga wanda bai san Git ba. Littattafan jagorarta, irin na Writer, ɓangaren rubutu, da na Calc, ɓangaren lissafi, da manhajar kanta ake rubuta su. Ɗan sa-kai yakan ɗauki babi guda, ya sanar da 'yan uwansa cewa yana hannunsa don kada mutum biyu su yi aiki ɗaya, ya buɗe sabuwar sigar manhajar a gefe, ya gwada duk abin da babin ya faɗa, ya gyara inda ya saɓa, ya sake ɗaukar hotunan fuskar kwamfuta da suka tsufa, sannan ya mayar domin wani ya duba. Wanda ya iya aikin rubutu a kwamfuta, ko malamin makaranta ne ko akawu ko mai shagon buga takardu, ya riga ya mallaki kayan aikin.

Hotunan nan sun cancanci a ɗan tsaya a kansu. Suna taimaka wa mai karatu ƙwarai, amma su ne suka fi saurin tsufa, kuma ba a gyara hoto kamar yadda ake gyara kalma, sai dai a sake ɗauka. Shi ya sa masu gogewa ba sa sa hoto sai inda kalma ta gaza.

Bayan an aika gyara sai bita. Wani daga masu kula da manhajar zai karanta, wataƙila ya karɓa nan take, wataƙila ya nemi a sauya kalma, a rage tsawo, ko a bi ƙa'idar rubutu da suka shimfiɗa. Kusan kowace babbar manhaja tana da irin wannan ƙa'ida, kuma karanta ta kafin a fara yana rage kai da komo. Amsa tana iya ɗaukar kwanaki ko makonni, saboda mai bitar shi ma ɗan sa-kai ne, yana iya kasancewa a wata nahiya, yana barci lokacin da mai gyara ke farke. Mayar da gyara domin a sake shi ba wulaƙanci ba ne. Alama ce cewa an karanta da gaske. Abin da ke sauƙaƙa wa kowa shi ne ƙaramin gyara mai magana ɗaya. Wanda ya sake rubuta babi goma a zama ɗaya ba tare da ya tuntuɓi kowa ba ya ɗora wa mai bita kayan da ba zai iya ɗauka ba, kuma sau da yawa irin wannan aiki yakan zauna ba a taɓa shi ba. Da ɗan gari akan ci gari, don haka babban sauyi sai an fara shawara da waɗanda suka daɗe a wurin.

Ta fuskar salo, abin da ake nema shi ne rubutu mai sauƙi. Wancan bincike na 2017 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu hulɗa da buɗaɗɗiyar manhaja ba su ƙware sosai a karatu da rubutun Turanci ba, alhali yawancin takardun da Turanci ake fara rubuta su. Gajeriyar jimla, suna ɗaya ga abu ɗaya daga farko har ƙarshe, mataki ɗaya a layi ɗaya, da guje wa salon magana da sai ɗan asalin harshe ke ganewa, duk suna taimaka wa wannan mai karatu. Akwai kalmar da ya kamata a yi hattara da ita ta musamman, wato cewa abu kaza mai sauƙi ne. Ga wanda ya iya, ba ta ƙara masa komai. Ga wanda ya kasa, ta ƙara masa takaici. Wanda ya koyi Turanci ko Faransanci a makaranta a matsayin harshe na biyu yana saurin gane jimlar da za ta rikita ire-irensa, kuma wannan ma gudummawa ce da marubucin asali ba zai iya bayarwa ba.

Fassara reshe ce ta wannan aiki, kuma a nan ne ya fi shafar masu magana da Hausa kai tsaye. Tun 2017 Python ya buɗe ƙofar fassara takardunsa a hukumance, kuma 'yan sa-kai sun yi nisa da Faransanci, Sifaniyanci, Japananci da Koriyanci. MediaWiki da wasu manhajoji ana fassara saƙonninsu ta dandalin translatewiki, inda Hausa take cikin harsunan da ake aiki a kai. Mai fassara zuwa Hausa yana fuskantar abubuwa biyu. Na farko haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda dukkansu suna cikin tsarin Unicode, don haka babu uzurin barin su. Wanda ya rubuta kasa a maimakon ƙasa ya sauya magana baki ɗaya. Na biyu daidaita kalmomi. Idan mai fassara na farko ya kira wani umarni da ajiye, na biyu ya kira shi adana, mai karatu zai ɗauka abubuwa biyu ne daban. Maganin wannan shi ne ɗan ƙamus na kalmomin da aka amince da su, a rubuta shi tun farko, kowa ya bi. Ita ma fassara tana tsufa, har ma ta fi asali saurin tsufa, domin duk lokacin da aka taɓa asalin sai an bi ta an taɓa. Fassara shafi goma da ake bibiya duk fitowa ta fi amfani a kan shafi ɗari da aka fassara sau ɗaya aka watsar.

Wasu manhajoji sun yi ƙoƙarin toshe matsalar daga tushe. A Django ba a karɓar sabon aiki cikin manhaja sai ya zo da bayaninsa a rubuce, kuma wannan doka tana cikin dalilan da suka sa ake yabon takardunta. Wasu kuma sun sa kwamfuta tana gwada misalan da ke cikin takardu duk lokacin da aka yi sauyi, ta yadda misalin da ya daina aiki zai tona kansa. Kwamfuta tana iya kama misali da ya fashe ko mahaɗin da ya mutu, amma ba ta iya gane cewa sakin layi ya rikita mai karatu. Wannan sai mutum.

Batun kuɗi ma ya kamata a faɗe shi yadda yake. Akasarin wannan aiki babu lada na aljihu a cikinsa. A 2019 kamfanin Google ya ɓullo da wani shiri mai suna Season of Docs, wanda ya haɗa marubutan fasaha da buɗaɗɗun manhajoji tare da biyan su, amma gurabensa sun kasance kaɗan idan aka kwatanta da yawan buƙata. Ko inda ake biyan albashi ma ba a tsira ba. A Agustan 2020 kamfanin Mozilla ya sallami ma'aikata kimanin 250, kuma sallamar ta shafi marubutan MDN, kundin da masu gina shafukan intanet a duk duniya ke dogaro da shi. A farkon 2021 aka kafa Open Web Docs domin wasu kamfanoni su haɗa kuɗi su ci gaba da ɗaukar nauyin marubuta. Abin da ɗan sa-kai ke samu shi ne sanin manhajar ciki da waje, domin babu hanyar koyo da ta kai ƙoƙarin bayyana abu ga wani. Sai gogewa a aiki da mutanen ƙasashe daban-daban. Sai kuma tarihin aikinsa da ke rubuce a fili da sunansa, wanda mai neman ma'aikaci zai iya dubawa da idonsa. Rubutun fasaha sana'a ce da ake ɗaukar mutane aiki a kanta, kuma masu yin ta suna da taronsu mai suna Write the Docs, wanda aka fara a birnin Portland na Amurka a 2013.

Haɗarin da ke tattare da aikin sa-kai shi ne ɗaukar abin da ya fi ƙarfi a zafin farko. Mutum yakan shigo da kuzari ya yi alƙawarin littafi guda, bayan wata ɗaya hidimar gida da ta aiki su danne shi, ya ɓace ba sallama, babin da ya riƙe ya zauna babu mai taɓawa domin kowa na zaton yana hannunsa. Babu laifi a gajiya ko a janyewa. Laifin yana cikin tafiya ba tare da an sanar ba. Saƙo mai layi biyu da ke cewa an saki babi kaza, ga inda aka tsaya, ya isa wani ya ɗora.

Wanda ke son shiga ya fara da manhajar da yake amfani da ita kullum, domin ita ce ya san inda take cizo. Yawancinsu suna da takarda ta musamman da ke bayyana yadda ake ba da gudummawa, wasu ma sukan yi wa ƙananan ayyuka alamar cewa sun dace da sabon shiga. Ya zaɓi shafi guda, ya gwada shi a kan sigar da ke hannu, ya aika da abin da ya gani, sannan ya sa wa kansa ranar da zai dawo ya sake duba shafin idan sabuwar siga ta fito. Ga mai amfani da LibreOffice, wannan rana tana zuwa sau biyu a shekara, a Fabrairu da Agusta.